Kurakuran da ake yi da injin yankan ciyawa na ziro-tan a filin da ke da gangare

Ranar da injin nan ya kusa jefa ɗan ƙanwata cikin kwata, wallahi ba gudu yake yi ba. A wani gida ne a unguwar Magodo a Legas, irin gidajen nan da bayansu ke gangarawa zuwa kwari. An kwana ana yayyafi, da safe rana ta ɗan leƙo, maigidan kuma yana da baƙi da yamma, ya ce lallai a gyara filin. Yaron ya hau, ya yi layi biyu lafiya lau. A na uku sai na ga goshin injin yana karkata ƙasa a hankali, kamar akuyar da ta hango dusa. Ya ja sandar tuƙi ta dama, shiru. Ya fincike sandunan biyu baya, tayoyin suka ƙi kama ƙasa, injin ya ci gaba da sulalewa yana barin sawu biyu na laka. Wata 'yar bishiyar kwakwa ce ta tare shi, saura taku uku ya kai bakin siminti.

"Kawu, birki ne ya tsinke," in ji shi, jikinsa na ɓari. Na ce masa babu abin da ya tsinke, ƙirar injin ce haka, kuma laifina ne da na bar shi ya hau.

Mu 'yan Arewa da ke aikin lambu a manyan gidaje da rukunin gidaje na Legas, yanzu muna yawan cin karo da wannan inji da ake kira ziro-tan. Shi ne wanda ba shi da sitiyari, sai sanduna biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma yana iya juyawa a inda yake tsaye. Kowace tayar baya tana da nata famfon mai da ke juya ta. Ka tura sandar dama, tayar dama ta tafi. Ka tura ɗaya gaba ka ja ɗaya baya, ya yi juyin waina a wuri guda. Tayoyin gaba kuwa ba su da aikin komai sai ɗaukar kaya. Irin na ƙasan kujerar ofis ne, duk inda aka tura su nan suka nufa, ba birki a jikinsu, ba su da hannu a tuƙi. Kamfanin Hustler na jihar Kansas a Amurka na cikin waɗanda suka fara fito da irinsa, a 1964, kuma yankin nasu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. A fili mai lebur babu na biyunsa. A kan gangare kuwa, tuƙinka da birkinka duka sun rataya ne a kan ɗan tafin roba biyu da ke taɓa ciyawa a baya. Da sun zame, ka rasa biyun a lokaci guda. Kusan duk kuskuren da zan ambata, daga rashin sanin wannan ya samo asali.

Na farko ana yin sa tun kafin a saya: ba a auna gangaren. Oga ya ga injin a intanet ko a gidan abokinsa a Lekki, inda ƙasa take kamar faranti, ya ce a kawo masa irinsa Ikorodu ko Ojodu. Yawancin littattafan da ke zuwa da injinan nan sun kafa iyaka a digiri 15, wasu ma 10. Ido ba ya auna digiri, kuma wurin da mutum ya saba hawa da ƙafa kullum gani yake ba wani tudu ba ne. Ga yadda nake yi. Na samu miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2, na ɗora kai ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, na ɗaga ɗaya kan har ma'aunin ruwa na magina ya nuna ya daidaita, sai na auna tazarar da ke tsakanin bakin katakon da ƙasa. In ta kai santimita 35, digiri 10 ke nan. In ta kai 54, an kai 15, magana ta ƙare. Wayar hannu ma tana da manhajar awon kwana, sai dai a kwantar da ita kan katako, kada a ɗora kan ciyawa. A kuma auna wurin da ya fi tsanani, don injin ba ya kifewa a matsakaicin lissafi, a wannan ɗan lungun mai tsini yake kifewa.

In awo ya nuna filin ya wuce iyaka, a haƙura da mai sanduna. Akwai masu sitiyari waɗanda tayoyin gabansu ke bin tuƙi, kamfanin Cub Cadet na yin su, yana kuma tallata wasunsu da cewa suna ɗaukar har digiri 20. In ba a samu ba, injin turawa da hannu ko mai saɓawa a kafaɗa ya wadatar. Ba abin kunya ba ne.

Sai zaɓen girma. Mutanenmu na son babba, a ce kaskon wuƙaƙensa inci 60 ne. A fili mai tudu da kwari, faffaɗan kasko yana aske ƙasa a kan tudu ya bar gemu a kwari, kuma ba ya shiga tsakanin fulawa da katanga. Inci 42 zuwa 54 ya ishi mafi yawan gidaje. Abin dubawa na gaske shi ne faɗin tayoyin baya, da tazarar da ke tsakaninsu, da kuma ko kujerar tana ƙasa-ƙasa. Wanda zai sayi tokumbo kuma, kada fenti ya ruɗe shi, kallon kitse ake wa rogo. Ya sa a tayar da injin, a yi aiki da shi minti ashirin har man famfunan ya yi zafi, sannan a hau ɗan tudu da shi. Famfon da ya gaji lafiya yake in da sanyi, sai ya ɗumama ɓangare ɗaya ya fara ja da baya yana kuka. Ƙananan injinan gida da yawa famfonsu a rufe yake, ba a tanadi canza masa mai ba. Manyan suna da tace da wurin juye mai. Wannan bambancin ya fi launin kujera muhimmanci, domin ba kowane kayan gyaransa za ka shiga kasuwar kayan gyara ta Ladipo ka samu a rana ɗaya ba.

Yanzu ga babban abokin gabarmu a Legas, wato ruwa. Daga Afrilu zuwa Yuli sama ba ta hutawa, Yuni ya fi kowane wata, a ɗan sarara a Agusta, a dawo a Satumba da Oktoba. Lokacin ne ciyawa ke tashi kamar ana jan ta, lokacin ne kuma masu gida ke matsa lamba. Jiƙaƙƙiyar ciyawa a ƙarƙashin taya sabulu ce. Ko ba a yi ruwa ba, raɓar safiya kaɗai ta isa, ga shi mu kuma mun fi son mu gama aiki kafin rana ta take. Abin da ya fi yaudara shi ne saman ciyawa ya bushe alhali ƙasan ta jiƙe sharkaf. Kafin in bari a hau, nakan taka gangaren da ƙafata in murza dunduniya. In ta bar shaida mai sheƙi, ko ruwa ya tsattsafo, ranar ba ta inji ba ce. A fara da wuraren lebur, a bar gangaren sai bayan azahar in rana ta yi. In Oga ya ce shi dai yau yake so, sai ka ce, "Ranka ya daɗe, za a yi, amma da na hannu." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba in aka nuna masa sawun taya a cikin ciyawarsa.

Kusa da wannan akwai bakin ruwa da bakin kwata. Wasu kamfanonin sun ce a bar tazarar faɗin injin sau biyu tsakaninka da duk wani rami, gaɓa ko ruwa, kuma ni ban ga abin ragewa a ciki ba. A wuraren da aka cike da yashi ta wajen Lekki da Ajah, gefen magudana yakan zama kogo ta ƙasa, ciyawa ce kawai ta rufe shi. Injin gida yana kai kilo 300, na 'yan kwangila ya haura 500, ga nauyin direba. Gaɓar da ta ɗauki mutum ba lallai ta ɗauki wannan ba.

Ƙarfen kariya da ke tsaye bayan kujera don kare direba in injin ya kife, shi ma an mayar da shi abin rataya riga. Ana kwantar da shi don a wuce ƙarƙashin mangwaro, shi ke nan ba a sake tayar da shi ba. Ƙa'idarsa gajeriya ce: in yana tsaye, a ɗaura bel, in an kwantar da shi, kada a ɗaura, kuma a tayar da shi da zarar an wuce reshen. Ƙarfe ba bel, injin zai wurgo ka ƙarfen ya danne ka. Bel ba ƙarfe, ka ɗaure kanka a ƙarƙashin rabin tan. Injin da bai zo da ƙarfen ba sam, ni ba na kai shi gangare, kuma ba na yarda mai walda ya ƙera masa na bututun ruwa.

Wajen tuƙin kansa, tambayar da aka fi yi mini ita ce a bi gangaren a gicciye ne ko sama da ƙasa. Kamfanonin ba su haɗu a baki ɗaya ba, wani littafin ya ce gicciye, wani ya ce sama da ƙasa, don haka littafin injinka shi ne alƙali. In ya ɓata, lambar injin na jikinsa, a nemo shi a intanet. Amma akwai abin da ba a saɓa a kai ba. A tafi a hankali, da sanduna ake rage gudu, totur kuwa a bar shi sama don wuƙaƙe da famfuna su samu ƙarfi. Kada a yi juyin wuri guda a kan gangare, a yi kwana mai faɗi, goshi na fuskantar tudu. Kada a fizgi sanduna. In kana gangarowa ka tsaya farat ɗaya, nauyi ya koma gaba, tayoyin baya su yi sakayau, abin da ya samu ɗan ƙanwata ke nan. In kana hawa ka danna da ƙarfi, goshi ya ɗaga. Buhun tara ciyawa a baya yana ƙara wannan, musamman in ya cika da ɗanyar ciyawa, gara a cire shi. Da ka ji taya ta fara zamewa, kashe wuƙaƙe, ka lallaɓa ka sauko a hankali, kada ka yi kokawa da shi. Akwai wani tsohon gwaji da ke cikin littattafan injinan hawa da yawa: gangaren da ba za ka iya hawa da baya ba, ko ranka bai kwanta da shi ba, kada ka yanke shi.

Iskar taya ƙaramin abu ce mai babban aiki. Ka kai wa mai faci, ya ɗura mata iska awon PSI 30 ko 35 kamar ta mota, ta yi tauri kamar ƙwallo, ɗan tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa. Yawancin tayoyin bayan nan tsakanin 10 da 15 suke so, adadin na cikin littafi. A sayi ɗan geji a ajiye, a tabbatar biyun sun yi daidai, in ba haka ba injin zai riƙa ja gefe ɗaya, yankan ma ya fito a karkace. Tayar da ta suɗe a canza ta.

Sauran na taƙaita su. Akwai maɓalli a ƙarƙashin kujera da ke kashe inji in direba ya tashi. In ya fara damu, gyara shi ake yi, kada bakanike ya haɗe wayoyin ya ce an huta. Akwai 'yan sanduna biyu ta baya da ake saki don a tura injin da hannu. Wanda ya sake su a kan gangare ya saki inji ba linzami. Ba a ɗaukar yaran gida a cinya, ko sun yi kuka. A tsince duwatsu da guntayen bulo kafin a fara, bakin wuƙar nan yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma gilashin motar Hajiya ba arha gare shi ba. A duba baƙin mai a wuri mai lebur kullum, domin a karkace mai yana taruwa gefe ɗaya, in da ma man ya yi ƙasa injin zai sha wuya. A kuma share ciyawar da ke taruwa kan fankokin famfunan, zafin Legas kaɗai ya ishe su.

Gidan Magodon nan har yanzu mu ke yi masa aiki. Na kafa turaku na ja igiya daga bishiyar kwakwar zuwa kusurwar katanga. Sama da igiya na ziro-tan ne, minti ashirin an gama. Ƙasa da ita, inda katakona ya nuna santimita 60, ɗan ƙanwata ne ke bi da na kafaɗa, sanye da takalmin roba mai ƙusoshi, yana mita wai aikin awa guda ne.