Yadda ake haɗa jam ɗin inabin maskadin

Maskadin inabi ne ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka, yana nuna daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Ɓawonsa kauri gare shi, shi ya sa wasu ke tsotse cikin su tofar da shi. A jihar Karolaina ta Arewa har giya mai zaƙi ake yi da shi, amma mu jam za mu yi, wato abin zaƙin nan da ake shafawa a burodi.

1. Ki wanke kilo 1, ki matse kowane ɗaya da yatsu har tsokar ta fito. Ɓawon ki ajiye gefe, kada ki zubar, can launi da ƙamshin suke.

2. Ki dafa tsokar minti 10, ki tace da rariya don fitar da 'ya'yan.

3. Ɓawon ki zuba masa ruwa kaɗan, ki dafa har ya yi laushi. Nan ake son haƙuri: idan kika zuba sukari tun bai yi laushi ba, tauri zai yi kamar ganda.

4. Ki haɗa tsokar da ɓawon a kan wuta, ki zuba sukari kofi 3 da ruwan lemon tsami, kina juyawa har ya yi kauri.

5. Ki juye a kwalba mai tsabta, in ya huce ki sa a firji.