Idan zuciya ta tsaya farat ɗaya: abin da ke faruwa a jiki, da abin da hannunka zai iya yi

Mutum yana zaune a fada ana shan shayi, ko yana tsaye a sahun salla, sai kawai ya sulale ƙasa. Ba ya amsa kira. Can sai ya ja wani dogon numfashi mai kama da minshari, ya yi shiru, ya sake jan wani. Waɗanda ke wurin sukan rabu biyu: masu cewa ai yana numfashi, a kawo ruwa a yayyafa masa, da masu cewa gargara ce, a yi masa kalmar shahada. Galibi ba a samun wanda zai durƙusa ya ɗora hannu a ƙirjinsa, alhali a mintocin nan babu wani magani da ya wuce wannan.

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, kuma da lantarkin kanta take aiki. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi da ke sakin tartsatsi sau 60 zuwa 100 a minti. Kowane tartsatsi yana bin hanyarsa zuwa ɗakunan ƙasa, su matse tare, su tura jini. A haka take zagaya kusan lita 5 na jini duk minti. Idan lantarkin ya rikice, ɗakunan ƙasa sai su daina matsewa tare, kowane sashe ya riƙa karkarwa da kansa, jini ya tsaya cak. Wannan daban yake da ciwon zuciyar da ke zuwa idan jijiyar da ke ciyar da tsokar ta toshe. Kamar injin ban ruwa ne a lambun bakin kogi: toshewar tiyo daban, ɗaukewar wuta daban. Mai toshewar jijiya yana farke, yana riƙe ƙirji, yana gumi, yana magana. Wanda zuciyarsa ta tsaya ba ya cewa komai. Sai dai toshewar ce ta fi jawo tsayawar a wurin manya, shi ya sa ciwon ƙirji mai danna mutum, wanda ke sauka hannun hagu ko haɓa, ba abin da za a ce bari gari ya waye ba ne.

Abin da ƙwaƙwalwa ke fuskanta

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta da ajiya. Da jini ya yanke, cikin sakan 10 zuwa 20 hankali ya gushe. Shi ya sa mutumin ba ya kare fuska idan zai faɗi. A sakannin farko hannu da ƙafa na iya fizga, ido ya juye, fitsari ya kufce, sai a ɗauka farfaɗiya ce ko bugun iska. Leɓe da farce su yi duhu, ɗan baƙin tsakiyar ido ya buɗe.

Numfashin nan na gargara shi ne ya fi yaudarar mutane. Gindin ƙwaƙwalwa ne ke yin sa da kansa saboda yunwar iska: jefi-jefi, da ƙara, baki na buɗewa, ƙirji bai cika tashi ba. Yana iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye kafin ya ɗauke. Ba numfashi ba ne, kuma ba alamar an gama ba ce. Hasali ma wanda aka tarar yana yin sa ya fi kusa da tsira, don yana nuna cewa zuciyar ba ta daɗe da tsayawa ba.

Daga minti 4 zuwa 6 ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna fara mutuwa, kuma sashen da ke ajiye sabon tuni yana cikin na farkon lalacewa. Bayan minti 10 ba tare da taimako ba, da wuya mutum ya dawo yadda yake. Duk mintin da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Yanzu ka auna wannan da lokacin da mota za ta ɗauka daga Harobanda ko Bukoki zuwa babban asibitin Yamai a cunkoson yamma, ko daga wani ƙauye zuwa asibitin Tawa. Lissafin ba ya fita sai idan wani ya fara aiki tun a wurin da mutumin ya faɗi.

Shin yana jin zafi? Da hankali ya gushe, a'a. Mafi yawan waɗanda aka ceto ba sa tuna faɗuwar, wasu har awannin da suka gabace ta sun ɓace musu. Amma binciken AWARE da Sam Parnia ya jagoranta, wanda aka buga a 2014, ya samu wasu daga cikin masu tsira suna ba da labarin natsuwa, ko haske, ko tsoro, ƙalilan kuma suna cewa sun ji abin da ake faɗa a kansu. Don haka a kula da abin da ake furtawa kusa da shi.

Abin da za ka yi

Duba wurin tukuna. Idan wuta ce ta ja shi, kashe ta daga mita ko ka ture wayar da busasshen itace kafin ka taɓa shi. Wanda tsawa ta faɗa wa a damina ba ya riƙe wuta, a taɓa shi babu fargaba.

Ka girgiza kafaɗunsa, ka kira shi da ƙarfi. Bai amsa ba, kwantar da shi rigingine, ɗora hannu a goshi, ɗaga haɓa, ka dubi ƙirji na sakan 10, kada ka wuce haka. Babu numfashi, ko gargara kawai, to ka ɗauka zuciya ta tsaya. Kada ka tsaya laluben jijiya a wuya ko a hannu. Ma'aikatan lafiya ma suna kuskure a nan, kuma mai firgita yakan ji bugun yatsunsa ya ɗauka na maras lafiya ne. In ka danna ƙirjin wanda ashe suma kawai ya yi, zai motsa ya ture ka, illar kaɗan ce.

Nuna mutum guda da yatsa, ka ce (lambobin nan na Nijar ne): "Malam, kai mai farar riga, kira 15, motar agajin gaggawa ta SAMU, in ba su ɗauka ba kira 18, ƴan kwana-kwana. Ka ce mutum ya faɗi ba ya numfashi." In ka ce "a kira mota" kowa zai zaci wani ya kira. A ba su kwatance mai kyau, masallaci ko farmasi ko shatale-talen da ke kusa, a tura yaro bakin titi ya tarye su. In kai kaɗai ne, sa wayar a lasifika ka ajiye ta ƙasa ka fara.

A sauko da shi daga katifa ko gado zuwa daɓe ko tabarma, don a kan abu mai laushi katifar kake dannawa. Durƙusa a gefensa. Ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, a rabin ƙasa na ƙashin da haƙarƙari ke haɗuwa, ɗaya hannun a kai, yatsu a sarƙe. Miƙe gwiwar hannu, kafaɗunka su zo daidai saman hannuwanka, ka danna da nauyin jikinka. Zurfi santimita 5 zuwa 6. Sauri sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a sakan. Bayan kowace dannawa ka bar ƙirjin ya dawo gaba ɗaya ba tare da ka ɗaga hannu ba, saboda a dawowar ce zuciya ke cika da jini. Mai jingina a kan ƙirji yana danna zuciyar da ba kome a cikinta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tausayi: ana shafa ƙirji maimakon a danna. Kana iya jin ƙashi ya yi ƙas a ƙarƙashin hannunka, musamman a tsoho. Gyara zaman hannun ka ci gaba, haƙarƙari yana ɗoruwa. Na biyu shi ne tsayawa: a tsaya a duba ido, a tsaya a amsa waya, a tsaya a yi shawara. Dannawa mafi kyau ma kusan kwata zuwa sulusin jinin da zuciya ke turawa take bayarwa, kuma da ka tsaya ƙarfin ya zube, sai an yi dannawa da yawa kafin ya sake taruwa. Kada hutu ya wuce sakan 10.

In an koya maka hura iska: bayan dannawa 30, ɗaga haɓa, toshe hanci, hura sau 2, kowace ta sakan ɗaya, gwargwadon yadda ƙirji zai tashi. Hurawa da ƙarfi tana cika ciki da iska ta jawo amai. In ba ka iya ba ko kana ƙyama, danna kawai ba tsayawa. A babban mutum da ya faɗi a gabanka, jininsa na da sauran iska ta mintocin farko. Yaro da wanda aka tsamo daga kogin Isa ko tafki lamarinsu daban, don rashin iska ne ya tsayar da zuciyarsu: a fara da hurawa 5, sannan dannawa. Yaro hannu ɗaya ya isa, jariri manyan yatsu biyu, hannuwa na zagaye da ƙirjinsa, zurfin sulusin kaurin ƙirji.

Aikin yana cin ƙarfi, balle a zafin Afrilu. Ku canji hannu duk minti 2, tun kafin mai yi ya ce ya gaji, domin zurfin yana raguwa bai sani ba. Mace ce ta faɗi? Ana yi mata daidai yadda ake yi wa namiji, ta saman riga ma ya yi. In akwai macen da za ta iya, madalla, in babu, kada kunya ta sa a bar ta. Mai tsohon ciki, wani ya tura cikin zuwa hagunta da hannu biyu yayin da ake dannawa, don ya sauka daga kan babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Kada a ɗura masa ruwa, madara, zuma ko rubutu, duk huhu za su tafi. Kada a cusa cokali a baki, kada a shaƙa masa albasa, kada a zaunar da shi. Addu'a da kalmar shahada ba su hana dannawa: wani ya yi a kunnensa, hannu kuma na kan ƙirji. Sannan kada a naɗe shi a kujerar bayan taksi ko a tsakiyar mutum biyu a kan babur. In dole sai an ɗauke shi don babu motar da za ta zo, a nemi mai buɗaɗɗen baya, a shimfiɗe shi, a ci gaba da dannawa har ƙofar asibiti.

Gaskiyar da ya kamata a sani ita ce dannawa kaɗai ba ta cika tayar da zuciya mai karkarwa ba. Tana riƙe ƙwaƙwalwa da rai ne har a kawo defibirilata, na'urar da ke bugun zuciya da lantarki don ta tsayar da rikicin, tartsatsin asali ya karɓi aiki. Ba ko'ina ake samun ta ba, amma in tana kusa, kunna ta, za ta yi magana ta faɗa maka abin yi. Buɗe ƙirji, goge gumi, manna faifai ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hamata. Kowa ya janye hannu lokacin da take dubawa da lokacin bugu, sannan a koma dannawa nan take na minti 2. In ta ce babu bugu, ba lalacewa ta yi ba; akwai tsayawar da lantarki ba ya yi wa magani, sai dannawa da allurar adirenalin da ma'aikata ke yi duk minti 3 zuwa 5. Masu kallon ƙwallo sun ga amfanin wannan ranar 12 ga Yuni 2021, lokacin da Christian Eriksen ya faɗi a wasan Denmak da Finlan: an danna ƙirjinsa a fili, an buga masa na'urar, ya dawo, har ya koma wasa a 2022 da wata ƙaramar defibirilata dashe a ƙirji.

Ana dakatawa ne idan ya fara numfashi na sosai ko ya motsa, ko ma'aikata sun karɓa, ko ƙarfin kowa ya ƙare. In numfashi ya dawo, juya shi a gefe, baki na kallon ƙasa, ka zuba ido a ƙirjinsa, don zuciyar na iya sake tsayawa. Wanda aka tarar ya riga ya sandare, wannan ya wuce dannawa.

Bayan an ceto shi, da kuma kafin ta faru

Dawowar bugu ba ita ce warkewa ba. Da yawa ba sa farkawa nan da nan, kuma likitoci kan jira aƙalla awa 72 kafin su yanke magana kan halin ƙwaƙwalwa, suna hana zazzaɓi tashi don yana ƙara ɓarna. Wanda ya koma gida yakan yi fama da mantuwa, gajiya, saurin fushi, tsoron barci ko tsoron zama shi kaɗai. Iyali su san ciwon ne, ba sauyin hali ba, su faɗa wa likita. Wanda ya yi dannawar shi ma abin kan tsaya masa a rai, musamman in ba a dace ba. Mafi yawan lokuta ba a dacewa ko da an yi komai daidai, kuma wannan ba laifinsa ba ne.

Sau da yawa jiki yana yin gargaɗi. Hawan jini da aka bar shan maganinsa don an ji sauƙi yana kumbura zuciya a hankali. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, tana iya kasancewa da raunin zuciya na bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa. A kai ta asibiti, a rage mata gishiri da kunun kanwa. Mai ciwon ƙoda da ya tsallake wankin ƙoda, sinadarin fotasiyom na taruwa a jininsa har ya rikita lantarkin zuciya. Tiramol da ake sha da yawa yana kawo fizga da ɗaukewar numfashi. Saurayin da ya taɓa suma yana tsakiyar gudu, ko wanda a danginsu wani ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya, ya yi awon lantarkin zuciya (ECG) da hoton zuciya kafin ya koma fili: Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru, wanda ya faɗi a Lyon ranar 26 ga Yuni 2003 yana da shekara 28, kaurin tsokar zuciya aka samu a tare da shi.

Karatu ba ya koya wa hannu zurfin santimita 5. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta Nijar tana horar da masu agajin farko da mutum-mutumin roba. Fada, kwamitin masallaci, ƙungiyar ƙwallo ko makaranta su nemi a koya wa aƙalla mutum biyu a cikinsu, kuma a riƙa maimaita horon, don hannu yana mantawa cikin watanni.