Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a darasin ƙwayar halitta, da yadda za a gyara su

Yaranmu da ke karatu a Agege, Idi-Araba, Obalende da sauran unguwannin Legas suna fara bayoloji ne da darasin ƙwayar halitta, wadda aka fi kira sel. Yawancinsu sun haddace zanenta tsaf, suna iya jero sunayen sassanta a sama, amma da an juya tambayar a WAEC ko JAMB sai lissafi ya kwance. An haddace suna, ba a fahimci aikin kowane sashe ba. Abin da ya sa muka damu shi ne kuskuren ba ya tsayawa a ɗakin jarrabawa, yana bin mutum har gida, wajen haɗa wa yaro ruwan gishiri da sukari ko wajen gwajin jini kafin aure.

Kuskuren farko shi ne haɗa bangon sel da tantaninta a ɗauke su abu ɗaya. Kowace sel mai rai tana da tantani, ta mutum ce, ta tsiro ce ko ta bakteriya. Bango kuwa sai tsirrai, naman gwari da dangoginsa, da yawancin bakteriya. Sel ɗin dabba ba ta da shi sam. Bango kamar kwandon tumatir yake, yana riƙe siffa yana kare abin da ke ciki, amma ruwa da gishiri suna ratsa shi yadda suka ga dama. Tantani ne mai zaɓen abin da zai shiga da abin da zai fita. Wanda ya rubuta cewa bango ne ke tace abin da ke shiga sel ya yi asarar makinsa.

Albasa ɗaya ta isa a gyara wannan. A sami jar albasa, irin wadda ake saukewa a kasuwar Mile 12, a ɓare siririyar fatar da ke da launi, a shimfiɗa ta a kan gilashin gwaji da ɗigon ruwa, a rufe da siririn murfin gilashi, a duba ta maikuroskof. Za a ga launin ya cika kowace sel. Sai a ɗiga ruwan gishiri, giram 5 a cikin mililita 100 na ruwa, a gefen murfin gilashin, a ja shi da takarda mai tsotse ruwa daga ɗaya gefen. Cikin ƴan mintuna launin zai tattare ya koma tsakiya, bangon kuwa yana nan inda yake. Abin da ya janye ɗin, tantani ne da kayan cikinsa. A mayar da ruwa zalla, sel ɗin ta sake cika.

Ba kowane bango ba ne na selulos. Na tsiro ne selulos, na naman gwari kayitin ne, na bakteriya kuma feftidogilaikan. Wannan bambanci ne ya sa fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, yake hana bakteriya gina bangonta har ta fashe, ba tare da ya taɓa sel ɗinmu ba. Shi ne kuma ya sa shan antibayotik don mura ɓarnar kuɗi ne da lafiya: bairos ba sel ba ne, ba shi da bango, ba shi da ribozom nasa (sashen da ke haɗa furotin a cikin sel), babu wurin da maganin zai kama.

Akwai wasu ƙananan kurakurai da ba sa buƙatar dogon bayani. Tsiro yana da mitokondiriya kamar dabba, yana kuma numfashi dare da rana. Kuloroflas yana haɗa sukari, mitokondiriya ce ke fitar da ƙarfin da ke cikin sukarin. Ba kowace sel ɗin tsiro ke da kuloroflas ba, don haka kada a zana shi a fatar albasa ko a saiwa. Ba kowace sel ke da nukiliyas ba, wato cibiyar da ake killace DNA a cikinta: bakteriya tana da DNA amma ba a killace shi cikin tantani ba, jar ƙwayar jinin mutum kuwa tana zubar da nata nukiliyas kafin ta shiga jini, shi ya sa ba ta rarrabuwa, kuma kwanakinta kimanin 120 ne. Robert Hooke, wanda ya fara kallon sel a 1665, matattun bangaye ya gani a ɓawon itace.

Inda aka fi tafka kuskure, kuma inda ya fi muhimmanci, shi ne aikin tantani. Ɗalibai suna zana shi layi guda, su ɗauka leda ce aka nannaɗe sel da ita. Tantani ninki biyu ne na wani irin maiƙo da ake kira fosfolifid. Kowane ɗaya yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa, sai kawunan su fuskanci ruwan waje da na ciki, jelolin su haɗu a tsakiya. A cikin wannan maiƙo furotin iri-iri suke zaune, suna kuma iya zamewa gefe da gefe. Masana kimiyya Singer da Nicolson ne suka bayyana wannan tsari a 1972. Kaurinsa bai wuce nanomita 7 zuwa 10 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Idan aka riƙe cewa tsakiyarsa maiƙo ce, sauran bayanin zai zo da kansa: iskar oksijin da kabon dayoksaid suna ratsawa kai tsaye, amma sodiyam, fotasiyam da gulukos ba sa iya wucewa sai ta ƙofar furotin da aka tanadar musu. Ko ruwa ma, a ƙoda da jar ƙwayar jini, ta wasu furotin da ake kira akwaforin yake gudu, waɗanda Peter Agre ya sami kyautar Nobel a kansu a 2003.

A bayanin osmosis, jimlar da take halaka ɗalibai ita ce "daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan", ba tare da an faɗi mene ne ya yi yawan ba. Ruwa ne ke tafiya. Yana barin ɓangaren da gishiri ko sukari ya yi ƙaranci, ya ratsa tantani mai zaɓe, ya nufi ɓangaren da ya fi kauri. Amsar da ba ta ambaci ruwa ba, ba ta ambaci tantanin ba, ba ta cika ba.

Gwajin doya shi ne mafi sauƙi. A fere doya ɗanya, a yanka guntu biyu masu girma ɗaya, a ƙwaƙule rami a kowanne ba tare da an huda ƙasan ba. A dafa ɗaya na minti 10, a bar ɗayan ɗanye. A zuba ruwan sukari mai kauri zuwa rabin kowane rami, a soka allura daidai bakin ruwan, a zaunar da su cikin faranti mai ruwa zalla wanda bai kai bakin ramin ba. Bayan sa'o'i kaɗan ruwan ɗanyar zai haura allurar, na dafaffiyar ba zai motsa ba, domin zafi ya lalata tantanin. Gwajin yana ƙin fita idan an bar ɓawon, ko wuƙa ta huda ƙasan ramin, ko ruwan sukarin ya yi tsararo, ko kuma ruwan farantin ya malala ciki ta sama. Wanda ya tsallake dafaffiyar doyar ba shi da abin kwatantawa, kuma masu duba jarrabawa suna tambaya a kanta.

Daga nan ake gane dalilin da ruwan da ake ƙara wa majiyyaci a asibiti yake ɗauke da gishiri kashi 0.9 cikin 100. Da ruwa zalla aka ɗura a jijiya, jajayen ƙwayoyin jini za su kumbura su fashe, tunda ba su da bangon da zai tare su. Ruwan tekun da ya kewaye Legas kuwa yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wajen ninki huɗu na abin da jini ke ɗauka, shi ya sa shansa ƙara ƙishirwa yake yi.

Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa ya dogara ne da furotin guda a tantanin hanji, wanda ke shigar da sodiyam tare da gulukos, ruwa kuma ya bi su. Ma'aunin gida shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiyawata biyu masu santilita 50, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wasu iyaye suna ƙara sukari don yaro ya yarda ya sha, wasu suna tula gishiri don a ganinsu zai fi ƙarfi. Duka biyun suna mayar da haɗin ya fi jini kauri, sai ya janyo ruwa daga jikin yaron zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Fakitin ORS na kemis ya fi aminci idan an zuba shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, kuma abin da ya kwana ya wuce sa'a 24 a zubar. Yaron da ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Kada kuma a ce duk abin da ya bi ta furotin ya ci ƙarfi. Gulukos yana shiga jar ƙwayar jini ta furotin ba tare da an kashe ATP ba, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙarfi a cikin sel, saboda gangarowa yake yi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Ana kashe ƙarfi ne idan za a tura abu zuwa inda ya riga ya yi yawa, kamar famfon sodiyam da fotasiyam da Jens Skou ya gano a 1957: ATP ɗaya, sodiyam 3 waje, fotasiyam 2 ciki. Ɗalibai kan juya lambobin nan.

Wajen amfani da maikuroskof, garaje ne ke ɓata aiki. A fara da ƙaramin gilashin ƙara girma, a samo hoton, sannan a hau babba a daidaita da ƙaramin maɗaurin kawai, wato abin da ake murzawa don hoton ya fito sarai. Babban maɗauri a wannan matakin fasa gilashi yake yi. A sauke murfin gilashi a karkace, a hankali, in ba haka ba kumfar iska za ta shiga, ɗalibi ya ga da'ira mai baƙin baki ya zana ta a matsayin sel. Fatar albasa da ta naɗe ko ta yi kauri ba ta barin haske ya wuce. Ruwan ayodin ake ɗiga wa albasa, shuɗin metilin kuma ga sel ɗin cikin kumatu. Idan babu wuta aka koma ga madubin na'urar, a juya shi ga hasken taga, kada a fuskantar da shi ga rana kai tsaye, yana iya lahanta ido. Ƙarin girma ninkawa ake yi: na ido 10 da na ƙasa 40 sun ba da 400, ba 50 ba. A zana abin da aka gani kawai, da fensir, ba inuwa, layukan suna a ja su da rula kada su gitta juna. Maikuroskof ɗin makaranta ba ya rarrabe abin da bai kai nanomita 200 ba, ribozom kuwa bai wuce 30 ba, don haka wanda ya zana shi daga littafi ya kwafo.

Sai furotin. Da yawa sun ɗauka naman da aka ci ko waken da aka sha shi ne ke wucewa ya zama tsoka. Enzayim, wato furotin masu saurinta aikin sinadarai a jiki, irin su fefsin a tumbi da tirifsin a hanji, suna yayyanka shi zuwa amino asid, jini ya kai su ga sel, ribozom ya sake jera su bisa umarnin da aka kwafo daga DNA, harafi uku na DNA ga kowane amino asid. Iri 20 ne ake jerawa. Saboda wannan yankawar ne ake yin allurar insulin ba a haɗiye shi, domin shi ma furotin ne, ciki zai narkar da shi.

Furotin da siffarsa yake aiki. Zafi ko tsami suna warware naɗinsa, abin da ke faruwa ke nan idan farin ƙwai ya daskare a kasko, ko madara ta yi tsami ta zama kindirmo, ko aka zuba ruwan tsami a madarar waken suya ta kame ta zama awara. Kuskure biyu ake yi a nan. Ana rubuta cewa zafi ya "kashe" enzayim, alhali enzayim ba shi da rai, siffarsa ce ta lalace. Ana kuma zaton sarƙar amino asid ɗin ta tsinke, alhali tana nan: a yi wa dafaffen farin ƙwai gwajin Biuret, wato gwajin gano furotin, har yanzu zai ba da launin shunayya. A gwajin, sodiyam haidiroksaid ake fara zubawa, sannan ɗigo kaɗan na kofa salfet mai kashi 1 cikin 100, kuma ba a ɗora shi a wuta. Idan kofa salfet ya yi yawa, shuɗinsa zai rufe sakamakon. Sanyi kuwa rage wa enzayim sauri kawai yake yi, da ɗumi ya dawo zai ci gaba da aiki.

Babu misalin da ya kai sikila nuna nauyin siffar furotin. Himogilobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jar ƙwayar jini, yana da sarƙa huɗu. A sarƙar beta mai amino asid 146, na shida ne kaɗai ya canja, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Idan oksijin ya yi ƙasa sai himogilobin ɗin ya manne wa juna ya yi dogayen zare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20.

Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna rikita rukunin jini da jinotaif. Rukunin A, B, AB da O, wanda Karl Landsteiner ya buɗe hanyar saninsa a 1901, alamomi ne na sukari a bayan tantanin jar ƙwayar jini, kuma wajen ƙarin jini ake duba su. AA, AS da SS kuwa bayani ne a kan himogilobin ɗin da ke cikin ƙwayar. Mai rukunin O zai iya zama AS, takardar gwajin ɗaya ba ta tsaya wa ɗayar. Lissafin gadon ma ana karanta shi ba daidai ba. Idan AS ya auri AS, yiwuwar haifar SS kashi 25 cikin 100 ce a kowane ciki, ba wai ɗaya daga cikin kowaɗanne ƴaƴa huɗu ba. Haihuwar mai sikila a fari ba ta kuɓutar da ukun da za su biyo baya, kowane ciki sabon lissafi ne. Mazauna Legas suna da cibiyar sikila ta ƙasa a Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na LUTH, inda ake gwaji da ba da shawara. A yi gwajin tun kafin manya su shiga maganar aure, kuma idan sakamako biyu suka saɓa wa juna a maimaita a wani ɗakin gwajin da aka amince da shi.