Yadda na gyara daskararren kindirmo ya daina ƙandarewa

Sukarin da ke cikin yogot ɗin leda da yara ke saye ranar kasuwa a Gumel ya yi yawa, shi ya sa nake haɗa nawa da kindirmo. Amma da ya daskare sai ya ƙandare, cokali ba ya shiga.

Ruwan da ke cikin nonon ne ke zama ƙanƙara. Yanzu sai in juye kindirmon a farin ƙyalle mai tsabta, in rataye shi a inuwa har ruwan ya tsiyaye, ya yi kauri. Sannan in jiƙa dabino, in kirɓa shi da nunanniyar ayaba, in gauraya. Zaƙinsu ya wadatar, kuma suna sa shi laushi.

Ba mu da firiza. Ƙanƙarar bulo nake saya, in farfasa a bokiti, in zuba gishiri cikin hannu biyu, domin gishiri na ƙara mata sanyi. In nutsa ƙaramar tukunyar silba mai murfi a tsakiya, ina jujjuya ta. Duk bayan minti 5 in buɗe in kankare gefen da cokali, in motsa. Kar a yi ƙyuyar motsin nan, shi ke farfasa ƙanƙarar tun tana ƙanana.

Madarar kuwa, a tabbata an tafasa ta kafin a kwantar.