Yaushe za a yi dashe a kaka, a yankunan da sanyin hunturu ke daskarar da ƙasa?

Ni daga baya nake ƙirga. Idan na san lokacin da ƙasa ke daskarewa, sai na ja baya mako 6, nan ne iyakata. Tsirran da ke sake tohowa duk shekara su nake fara tugewa in raba, tun ƙasa na da ɗumi, don saiwa ta kama. Na taɓa makara, daskarewar ƙasa ta turo su waje.

Ƙananan bishiyoyi kuwa, jira ganye ya zube, ka haƙo su da ƙasarsu, ka shayar sosai.

Furen tulip da dangoginsa masu kai kamar albasa ba sa gaggawa. Bari ƙasa ta huce, ka binne su zurfin tsawonsu sau 3, tsinin yana sama.