Mai bawul ɗin ƙarfe a zuciya: kurakuran da aka fi yi wajen maganin tsinka jini

Mutanenmu da yawa a Sudan, daga Maiwurno da Gadarif har Wad Madani, suna yawo da bawul ɗin ƙarfe a ƙirji, wato ƙofar zuciya ta ƙarfe da aka dasa musu a madadin wadda ta lalace. Akasarinsu ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba ya koma ya ci musu ƙofofin zuciya. Wasu an yi musu aikin kyauta a Cibiyar Salam ta aikin zuciya da ke Soba, kusa da Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007. Ƙarfen yana daɗewa, amma jini na son daskarewa a jikinsa, shi ya sa mai shi zai sha maganin tsinka jini muddin ransa. Maganin kuwa warfarin ne, wanda aka fi sani da Marevan ko Coumadin.

Kuskure mafi haɗari yau daga ƙauna yake fitowa. Ɗa yana aiki a Jidda, ya ga wahalar da mahaifiyarsa ke sha wajen neman gwajin jini tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, sai ya shiga saidaliyya, wato kantin magani, ya tambayi maganin suyula, wato na tsinka jini, na zamani. Ya aiko da kwali ta hannun mai dawowa daga Umra, ya bugo waya: "Inna, ki ajiye wancan tsohon, wannan ba ya buƙatar gwaji, kuma ya fi tsada." Xarelto ne, ko Eliquis, ko Pradaxa. Magunguna ne masu kyau ga wanda jini ya daskare masa a ƙafa, ko mai wani nau'in rikicewar bugun zuciya. Ga mai bawul ɗin ƙarfe kuwa an gwada su, sakamakon bai yi daɗi ba. A 2013 aka wallafa gwajin dabigatran, wato Pradaxa, a kan mutum 252 masu irin wannan bawul. Dole aka tsayar da shi kafin lokaci, domin kashi 5 cikin ɗari na masu shan sabon maganin sun samu shanyewar ɓarin jiki, alhali babu ko ɗaya cikin masu warfarin, kuma zubar jini ma ya fi yawa a wajensu. Aka sake gwada apixaban, wato Eliquis, a kan bawul samfurin On-X, wanda ake ganin jini bai cika kama shi ba. Shi ma a 2022 aka dakatar, saboda daskarewar jini ta fi yawa. Don haka kwalin Jidda a ajiye shi gefe. Wanda ya riga ya fara sha ya nemi likita a ranar, domin komawa kan warfarin na ɗaukar kwanaki kafin ya kama, kuma sau da yawa sai an haɗa da allurar heparin, mai tsinka jini da sauri, a tsakani. Asfirin shi kaɗai ma ba ya tsayawa a madadinsa.

Sai masu shan warfarin ɗin amma sun yi sallama da gwajin INR, wato gwajin suyula da ke nuna yadda jini ya tsinke, suna cewa ai jikinsu lafiya lau. Jiki ba ya faɗa wa mutum kaurin jininsa. Abin da aka saba nema ga bawul ɗin aorta, ƙofar da jini ke fita daga zuciya zuwa jiki, shi ne 2.0 zuwa 3.0, na mitral kuwa, ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya, 2.5 zuwa 3.5, sai dai lambar da likitan da ya yi aikin ya rubuta ita ce abin bi. Idan lambar ta zauna daram, gwaji kamar sau ɗaya a wata ya wadatar. Bayan zazzaɓi, gudawa, ko sabon magani, a gwada cikin 'yan kwanaki. Wanda gudun hijira ya kai wani gari, ya fara tambayar inda ake gwajin suyula tun kafin ƙwayoyinsa su ƙare, kuma ya ɗauki hoton katinsa a waya, har da takardar da ke nuna irin bawul ɗin.

Akwai wani tarko da ba a cika magana a kansa ba, na launin ƙwaya. Tsofaffinmu da launi suke gane magani: "ruwan hoda ɗaya da daddare." A tsarin Ingila, wanda Marevan ke bi, ruwan ƙasa miligiram 1 ne, shuɗi 3, ruwan hoda 5. A tsarin Amurka na Coumadin, ruwan hoda miligiram 1 ne, shuɗi kuma 4. Ka ga dattijon da ke shan ruwan hoda na Marevan, aka kawo masa ruwan hoda na ɗaya kamfanin, ya koma shan kashi ɗaya cikin biyar na maganinsa bai sani ba. Idan akasin haka ne, ya ninka sau biyar. Yanzu da magani ke shigowa ta Masar da Saudiyya da ko'ina, lambar da ke jikin kwali za a karanta kowane lokaci, a kuma rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Zancen abinci an cika zuzuta shi. Za ka ji an hana mutum mulukiya da jarjir da zogale gaba ɗaya. Ganye na ɗauke da bitamin K mai rage ƙarfin warfarin, gaskiya ne, amma abin da ake so shi ne daidaito: yadda ka saba ci, ci gaba da hakan, likita ya daidaita maganin a kai. Matsalar ita ce wata guda babu ganye, sannan mako guda kullum miyar lalo. Magungunan da ake saya ba takarda sun fi ganye ɓarna nesa ba kusa ba. Flagyl da Septrin da fluconazole suna harba INR sama har mutum ya yi ta zubar jini. Rifampicin na tarin fuka yana jawo shi ƙasa warwas. Voltaren da Brufen suna sa ciki zubar jini, ga allurar ɗuwawu da ke tara jini a tsoka. Don ciwon kai ko na gaɓoɓi, farasitamol ya fi aminci, shi ma ba a yi ta sha kwana da kwanaki ba. Ƙaho wajen wanzami da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, a haƙura da su.

Masu cire haƙori su daina yanke wa kansu hukuncin ajiye magani kwana biyar. Yawanci ana cirewa ba tare da an dakatar ba idan INR na cikin iyaka. Wanda ya manta bai sha ba har gari ya waye, kada ya haɗa biyu. Da azumi a tsayar da lokaci guda, bayan buɗa-baki misali.

Mata masu shekarun haihuwa su ne suka fi ba ni tausayi a wannan lamari, domin kowace hanya da nata haɗarin. Warfarin na iya taɓa halittar jariri, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, kodayake haɗarin ya ragu ga mai shan miligiram 5 ko ƙasa da haka a rana. Allurar heparin ba ta isa ga jariri, amma idan ba a auna ƙarfinta a jini ba bawul ɗin uwar na iya toshewa. Kuskuren shi ne mace ta ga batan wata, ta ɓoye don kunya, ta ajiye maganin ita kaɗai. A je da maigida wajen likitan zuciya tun kafin a nemi cikin. Idan kuma ya riga ya shiga, a je cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ajiye ƙwayar kafin an ga likita.

Mai bawul ya san ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ke ƙirjinsa. Idan ta dusashe ko ta canza, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, asibiti za a nufa nan take ko da tsakar dare ne. Haka baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ko buguwa a kai ko da babu rauni a waje.