Yadda ake buga golf a filin bakin teku idan iska ta taso

Wani ƙanena a kulob zai je Sukotland, burinsa ya buga golf a St Andrews, garin bakin teku da ya shahara da wasan, ya zo yana tambayata wai Yaya me zan shirya, na ce ai mu a Jos hunturu ya ishe mu makaranta. Ka fita filin golf na Rayfield da sassafe a Disamba ko Janairu lokacin da iska ke kaɗawa leɓe na tsagewa, nan za ka yi atisaye.

Ka fara sanin yadda filin yake tukuna. Irin waɗannan na bakin teku a kan tudun yashi suke, ruwa ba ya kwanciya shi ya sa ƙasar ke da tauri, ciyawa gajera, bishiya kuwa kusan babu balle ta tare maka iska. Old Course, wato tsohon filin St Andrews, ramuka 18 ne tun 1764, kana fita sai ka miƙe har can ƙarshe sannan ka juyo gida, to iskar da ta riƙa tura ka wajen tafiya ita za ta mare ka a fuska wajen dawowa.

Babban kuskurenmu, kuma wallahi ni ma na daɗe ina yi, shi ne da ka ji iska a gabanka sai ka ƙara ƙarfi. Kar ka soma. Bugu da ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyi, ta tashi sama kamar shirwa, iska ta riƙe ta ta sauke maka ita kusa. Inda ka saba ɗaukar sanda mai lamba 7 ɗauki 5 wadda ba ta ɗaga ƙwallo sama sosai, ka riƙe ta ƙasa kaɗan, ka ja ƙwallon baya wajen ƙafarka ta dama in kai ba bahago ba ne, ka yi bugu a natse kar hannu ya kai ƙarshe. So ake ta tafi ƙasa-ƙasa ta faɗi kafin wajen tutar da ke nuna rami ta gangara da kanta, wani lokacin ma fota, sandar gangara ƙwallo a ƙasa, kawai za ka ɗauka tun daga nesa.

Sai ramukan yashi, ƙanana ne amma zurfi kamar rijiya, bangonsu a tsaye. In ka faɗa ciki ka ajiye girman kai ka fitar da ita ta gefe ko ma ta baya, gara ka yi asarar bugu ɗaya da ka yi asarar huɗu. Ramin yashin da ke wajen rami na 17 a Old Course ya kunyata manyan ƴan wasa a babbar gasar Open ta Birtaniya ba sau ɗaya ba.

Ka tafi da rigar ruwa da hular sanyi, kuma in kadi, mai ɗaukar maka sanduna, ya ce ka auna wancan tudun na hagu duk da kana hango tuta a dama, ka bi maganarsa.